Farar Itace

A can wani zamani an yi wani masunci, Barmo, sarkin ƙyuya. Haƙar tana ta gundure shi, sai ya sassaƙa fara da itace, ya maƙala a ƙugiya, ya nufi wani tafki inda kifaye ba su san halinsa ba.

Ya jefa, ya ji nauyi, ya fizgo, sai ga tsohon takalmi. Ya sake jefawa, ya ji nauyi, ya fizgo, sai ga ɗaya ƙafar. Ga yunwa tana cin sa.

Sai wata tsohuwar karfasa ta leƙo ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo! Ka kawo mana farar itace, mun ba ka kifin fata. In ba ka ƙoshi ba, akwai hula a ƙasa."