Ƙwan da Ya Yi Kuka Ranar Ista

A unguwar Zariya, cikin garin Maraɗi, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Mahaifinta, Mushe Zakariya'u, malamin lekol ne, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe. Iyalinsa Kirista ne. Maƙwabciyarsu, Hajiya Zuliha, dattijuwa ce Musulma. Katanga ɗaya ta raba gidajen biyu, kuma akwai 'yar ƙofa a jikinta. Ranar Sallah, ta ƙofar nan nama yake shigowa. Ranar Ista, ta nan shinkafa take fita.

Hajiya tana da wata jar kaza. A lokacin nan kazar tana kwanci a kan ƙwai bakwai, cikin wata tsohuwar tukunya a bayan madafa. Hajiya ta yi wa jikanta Hafizu, ɗan shekara huɗu, alkawarin tsakon da ya fara fitowa. Kowace safiya yaron yakan je ya leƙa tukunyar, ya tambayi kazar ko ta gama.

Ranar Ista ta zo cikin tsananin zafin bazara. Da iyalin suka dawo daga majami'a, wayar Mushe ta yi ƙara. Ya saurara, sannan ya dubi matarsa.

"Gwaggonsu ta Tsibiri tana hanya da yaranta," in ji shi. "Kawunsu na Jiratawa ma ya ce a jira shi. Shi ma da nasa."

Inna ta ajiye ludayi. "Yanzu suke faɗa? Ƙwai goma sha biyar na dafa, don yaran gida da na unguwa."

"To, yara sun zama ashirin da ɗaya."

"Allah ya kawo su lafiya," in ji Inna. "Ba sai mun sayi kome ba. Abin da ke gidan zai yi."

Inna mace ce mai dabara. Ta tafasa zoɓo, ta tsoma rabin ƙwan a ciki, suka fito shuɗi-shuɗi. Sauran ta tsoma su cikin ruwan ɓawon albasa, suka yi ja. Ta zazzage tsofaffin buhunan gero don tseren manyan yara. Ta ware cokula don ƙanana. Sannan ta kira ɗiyarta.

"Ke ce babba a gidan nan, wasan neman ƙwai naki ne. Ki ɓoye na ƙanana a inuwa, kusa da ƙasa. Na manya ki kai su nesa. Amma kafin nan, je ki wurin Hajiya ki aro mana tabarmi."

Yarinyar ta tafi tana tunani. Ƙwai bai kai yawan yara ba. Wasu za su tashi hannu wofi, su yi kuka. Nabil kuwa, ɗan kawunta na Jiratawa, zai yi mata dariya har shekara ta kewayo.

Ta yi sallama, Hajiya ta amsa daga ɗaki.

"Ƙawata ce? Tabarmin suna jingine bayan madafa. Ɗauki duka. Ki ce wa innarki kada ta mance da ni a rabon shinkafa."

A bayan madafa yarinyar ta tsaya. Kazar ta tashi shan ruwa can gindin randa. Ga ƙwai bakwai a cikin tukunya, ba mai tsaronsu.

Ta ce a ranta: "Aro ne kawai. Da an gama wasa zan mayar. Kaza ba ta iya ƙirga ba."

Ta kwashe su duka cikin gyalenta. Suna da ɗumi. Ta naɗe su cikin tabarma, ta wuce ta 'yar ƙofa.

Ba ta dafa su ba, tun da mayarwa za ta yi. Domin ta gane su daga baya, sai ta dama kurkum, ta shafa musu da tsumma. Suka zama rawaya. Ta ji daɗin wannan dabara tata ƙwarai. Ta ɓoye ɗaya cikin turmi, ɗaya ƙarƙashin kujera, ɗaya a kan ƙarfen taga, sauran nan da can. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba baƙi suka iso, wasu a kan kabu-kabu, wasu a bayan motar gero. Gida ya cika da hayaniya. Hafizu ma ya shigo da sabuwar rigarsa mai aljihu.

Aka fara da tseren buhu. Manya suka yi ta tsalle suna faɗuwa. Ƙanana suka yi tseren cokali da goriba a kai. Aka raba zoɓo mai sanyi. Sannan Inna ta tafa hannu.

"Saura neman ƙwai. Kowa ɗaya zai ɗauka. Babba ya riƙe hannun ƙarami, sai ƙarami ya samu kafin babba ya nemi nasa."

Yara suka watsu cikin gida. Yarinyar ta yi shirin bin su ta karɓe masu rawaya, ta ce za ta kai su ajiya. Amma abin da ba ta yi tsammani ba shi ya faru. Masu rawayar nan su suka fi kyau, kuma kowa su yake so.

Nabil ne ya fara dawowa. Shekararsa goma sha uku, kuma ba ya rasa abin faɗa.

"Ku 'yan birni ba ku iya ɓoyo ba," in ji shi. "A Jiratawa ko akuya ta fi ku. Ga nawa, mai launin sarauta. Ku zo ku ga yadda maza ke fasa ƙwai."

"Nabil, dakata," in ji yarinyar. "Kawo in canza maka."

"Ki canza mini don ki cinye? Na ƙi."

Ya ɗaga ƙwan, ya buga shi a goshinsa.

Ƙwan ya fashe. Ruwa da jini suka gangaro masa har hanci. A tafin hannunsa ga wani ɗan abu jiƙaƙƙe, mai baki da ƙafafu. Tsako ne. Ya motsa sau ɗaya, bai ƙara ba.

Nabil ya tsaya da hannu a miƙe, bakinsa a buɗe. Wata ƙaramar yarinya ta jefar da ƙwanta ja, ta ɓuya bayan gwaggo. Inna ta dafe ƙirji.

"Wanga ba nawa ba ne," ta ce a hankali. "Ni ban rina rawaya ba."

A daidai lokacin kukan kaza ya tashi a bayan katanga, irin kukan da ba ya tsayawa. 'Yar ƙofa ta buɗe. Hajiya Zuliha ta shigo ko takalmi babu.

"Mushe, ku yi haƙuri da shigowa haka. Ko kun ga maciji ko mage? An kwashe mini ƙwan kwanci duka. Ga su dab da ƙyanƙyasa."

Sai idonta ya kai hannun Nabil. Ta daɗe tana kallo.

Mushe Zakariya'u ya juya ga ɗiyarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Wa ya ɓoye ƙwai?"

"Ni ce, Baba."

"Masu rawayar daga ina suka fito?"

"Daga tukunyar Hajiya. Aro na yi. Na ce zan mayar in an gama."

"Kin tambaye ta?"

"A'a."

"To, ba aro ba ne."

Hajiya ta dube ta. "Ƙawata, ke? Da bakina na ce ki ɗauki tabarmi duka. Mi ya hana ki buɗe naki bakin?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Mahaifinta ya ɗaga hannu.

"Kukan zai jira. Akwai rai shida a cikin gidan nan, kuma ke kaɗai kika san inda suke. Hajiya, za su iya rayuwa?"

"In ba su sha rana ba, in ba a girgiza su ba. Amma a yi sauri."

Mushe ya tara yaran. "Wasa ya canza," in ji shi. "Yanzu masu rawaya kaɗai muke nema. Ba gudu. Ba ihu. Wanda ya samu ya tallafe shi da hannu biyu, ya kawo wa Hajiya."

Ba a taɓa yin neman ƙwai irin wannan ba. Yara ashirin da ɗaya suna tafiya a kan yatsu, suna magana ƙasa-ƙasa. Yarinyar tana gaba, tana share hawaye, tana nuna wurare. Aka ɗauko na cikin turmi. Aka ɗauko na ƙarƙashin kujera. Wasu yara biyu daga Tsibiri suka miƙo nasu, ba a ko tambaye su ba.

Na kan taga Nabil ya ɗauko. Rana ta juyo kansa tun ɗazu, ƙarfen ya yi zafi kamar kasko. Hajiya ta kara shi a kunne. Ta girgiza kai, ta ajiye shi gefe.

"Saura ɗaya," in ji Inna. "Ina yake?"

Yarinyar ta duba bayan randa. Ta duba cikin kwando. Tsoro ya sa ta mance inda ta sa shi. Aka ɗaga tabarmi, aka leƙa ƙarƙashin gado. Babu.

Sai gwaggo ta lura da Hafizu. Yana zaune shi kaɗai a inuwar dogon yaro, ya dafe aljihunsa da hannu biyu.

"Hafizu, mi ke cikin aljihunka?"

"Nawa ne. Cikin takalmin Mushe na same shi."

"Kawo shi, maigidana," in ji Hajiya.

"Ba ni ba da shi. Kuka yake yi. Rarrashinsa nake."

Wasu yara suka fara dariya, amma Hajiya ta tsawatar musu da ido. Ta durƙusa, ta kara kunne a aljihun. Kowa ya yi shiru. Daga cikin rigar wani siririn sauti ya fito: tsiyau, tsiyau.

A hankali yaron ya fito da ƙwan. Akwai 'yar huda a jikinsa. Ta cikin hudar wani ɗan baki yana leƙowa, yana saran ɓawo.

Yara suka ja da baya. Nabil, wanda bai wanke goshinsa ba tukuna, ya ce a ƙasa-ƙasa: "Da nawa ma haka zai yi."

Hajiya ta karɓi ƙwan, ta haɗa da sauran huɗun, ta mayar cikin tukunya. Kazar ta zagaya tana huci, ta sari hannun Hajiya, sannan ta buɗe fukafukai ta kwanta.

Da yamma, bayan baƙi sun tafi, Inna ta zaunar da ɗiyarta.

"Da kin gaya mini ƙwai bai isa ba, mi kike tsammani zan yi?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ga goriba cike da kwando. Ga mangwaro. Da mun rina goriba mun ɓoye. Yara nema suke so, ba ƙwai ba. Kin ji kunyar faɗin gaskiya ƙarama, kin jawo babba."

Mushe ya ce: "Tashi mu je."

Suka bi ta 'yar ƙofa. Yarinyar ta durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, na ɗauki abinki ban tambaya ba. Tsaki biyu sun mutu saboda ni. Ki yafe mini."

Hajiya ta dube ta. "Na yafe," ta ce. "Amma yafiya ba ta ba tsaki ruwa. Waɗanda suka fito, ke za ki kula da su har su yi gashi. Kafin lekol, da bayan lekol."

"Na yarda."

Ƙwai biyar ɗin nan duka suka ƙyanƙyashe. Na farko, na cikin takalmi, aka ba Hafizu kamar yadda aka alkawarta. Yarinyar ta cika maganarta. Takan niƙa musu tsakin gero, ta canza musu ruwa, ta share akurki. Wani lokaci ƙawayenta suna wasa a waje, ita tana zaune tana gadi.

Wata safiya shirwa ta fara shawagi a saman gidan. Kazar ta yi kururuwa, tsakin suka ruga ƙarƙashinta. Hajiya ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin galura ja da ɗan kwano.

"Ƙawata, zo. Tun da Allah ya ba ki hannun rini, ga aikinki. In aka rina su, shirwa ba ta gane tsaki ne."

Yarinyar ta miƙa hannu, sai ta tsaya.

"Hajiya, in ɗauke su?"

Hajiya ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ɗauki. Yau kin tambaya."

A ranar, tsaki biyar jajaye suka yi ta yawo tsakanin gidajen biyu, Hafizu yana biye da nasa.

Yara, abin da aka ɗauka ba da izinin mai shi ba, ba aro ba ne, ko da an yi niyyar mayarwa. In abu ya gaza muku, ku gaya wa iyayenku. In kuna son abin wani, ku tambaye shi tukuna.