Tiren da Aka Fara Kawowa

Zulfa na durƙushe gaban akwati tana jera kaya, ta ninke wannan ta warware wancan, hankalinta sam ba ya kan abin da take yi. Gobe da zarar gari ya waye za su bar Ƙanƙara zuwa Kano su hau jirgin Madina, ita da mijinta Mas'ud da mahaifiyarsa Hajiya Baraka, wadda tun jiya ta iso daga Faskari don a tafi Umara tare.

Mas'ud ya turo ƙofa ya shigo da waya a hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Albishirinki, gimbiya! Na gama da masu jirgi. Abincinki daban za a dafa, na masu ciwon suga, kamar yadda likita ta ce."

"Don Allah rage murya, Yallaɓai," ta faɗa tana leƙen ƙofa. "Hajiya fa na jin mu."

Ya zauna bakin gado, fara'ar ta ragu. "Zulfa, wata biyar ke nan. Har yaushe za mu ɓoye mata? Kin dai ji abin da ta ce da ni da Sallah. In muka dawo daga wannan tafiya ba labarin ciki, in maida ke Sabuwa gidanku. Kalma ɗaya zan faɗa mata maganar ta mutu."

Zulfa ta sunkuyar da kai, ta dafa cikinta ta ƙarƙashin hijabi. Sau biyu ana yi wa Hajiya albishir, sau biyu cikin na zubewa. A na biyun ma Zulfa na kwance tana kuka ta jiyo ta a tsakar gida tana cewa, "Yarinyar nan ba ta riƙe ciki, sai dai ta riƙe mini ɗa." Maganar nan har yau tana mata zafi a ƙirji.

"Don Allah ka bari," ta ce, hawaye na taruwa. "In wannan ma ya tafi, gara ya tafi ba ta sani ba. Ba zan iya sake jin irin maganar ba. Ka yi mini alkawari."

Ya dube ta ya ce, "Na yi. Amma ke ma ki yi mini naki. Me aka gaya miki a wurin awo?"

Ta lissafa masa da yatsu kamar 'yar makaranta. "Kada in zauna da yunwa. In ci abin da aka dafa yana da zafi. Ban da salak da duk abin sanyi da ya daɗe a ajiye. Ban da zaƙi. Ruwa kuwa na gora, in yi ta sha."

"Madalla da ɗalibata!"

Sai dai nata alkawarin tun a mota ya fara karyewa. Hajiya ce zaune kusa da ita tun daga Ƙanƙara har Kano, Zulfa kuwa tunda aka kawo ta gidan, shekara huɗu, ba ta taɓa kai loma baki a gaban surukarta ba. Haka aka rene ta. Shayin da ta kurɓa da safe shi ke nan abin da ke cikinta har aka yi azahar a filin jirgi aka shiga. Nan ma aka haɗa su kujera, Hajiya jikin taga, Zulfa gefenta, Mas'ud can layi uku a baya.

Jirgi ya ɗaga, ya daidaita a sama. Ba a daɗe ba wata ma'aikaciyar jirgi, doguwa mai suna Najiba rubuce a ƙirjinta, ta taho da tire guda ɗaya tal tana duba lambobin kujeru. Duk jirgin ba wanda aka ba ko ruwa tukuna.

"Malama Zulfa? Ga naki, sifeshal. Maigida ne ya sa a tanada."

Babu wanda ya gaya musu irin wannan abincin shi ake fara kawowa, da suna manne a jikinsa.

Hajiya ta ajiye carbinta a hankali. "Ke 'yar nan, nawa fa?"

"Naki na tafe da na sauran fasinja, Hajiya. Wannan na musamman ne."

"Na musamman." Hajiya ta maimaita tana jinjina kai. Ta jira Najiba ta wuce, sannan ta juyo. "To, sannu sarauniya. Ni da na haife shi ni ce sauran fasinja, ke ce ta musamman. Har sama ma sai da ya nuna wa duniya wadda ta fi."

"Wallahi Hajiya ba haka ba ne..."

"To mi ne ne? Faɗi in ji!"

Sai Zulfa ta ɗauki tiren da hannu biyu ta miƙa. "Ga shi, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Hajiya ba ta yi kara ba, ta amsa ta buɗe. Dafaffen kifi ne da ganye da 'yar shinkafa ja. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. "Lami! Ba mai ba yaji. Wanga shi ne abincin 'yan gata?" Duk da haka don ta huce haushi sai da ta cinye shi tas.

Can aka turo keken abinci aka ajiye wa Zulfa irin na kowa. Ta buɗe. Shinkafa da kaza na tururi, gefe ga salak mai sanyi an kwaɓa da kirim, ga kek, ga lemon kwali. Ta tuna maganar awo. Kazar za ta iya ci tunda da zafinta, da shinkafa kaɗan. Ta ture salak ɗin gefe, ta ɗora kek a kansa, ta janye lemon. Ta yi bismilla a ranta, ta juya fuska ta ɗauki cokali.

"Ikon Allah," in ji Hajiya, da ƙarfin da matar da ke gabansu sai da ta waigo. "Abincin talakawa bai yi mata ba, sai ta tsince. A hanyar Madina ake wulaƙanta abinci! Mu a zamaninmu ko ruwa ba mu sha gaban uwar miji, amma ɗiyan yanzu ido tsaye, har da zaɓe."

Cokalin ya tsaya a hannun Zulfa. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta mayar da murfin ta rufe, ta naɗe hannuwa cikin hijabi. Da aka zo kwashe tire, nata ya koma yadda ya zo.

Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Zulfa ta fara jin zufa mai sanyi na tsattsafo mata a goshi. Yatsunta suka ɗau karkarwa, kujerar gabanta ta rabu biyu a idonta. Ta yi ta maimaita hasbunallahu a zuci. Abin da ke cikinta ya motsa sau ɗaya, sannan ya yi shiru, shirun da ya fi komai tsorata ta.

Mas'ud ya taso zai gaida mahaifiyarsa, yana ganin fuskar matarsa ya tsaya cak.

"Zulfa! Kin ci abinci?"

"Ina za ta ci," in ji Hajiya, "tunda na cinye na gatan da ka saya mata? Auta, ni za ka tozarta a gaban jama'a? Wallahi ina sauka Madina abin da zan fara roƙo a masallacin Annabi shi ne Allah ya raba ka da wannan yarinya!"

Mas'ud ya durƙusa a tsakanin kujeru, bai damu da masu kallo ba. Ga uwa, ga alkawari.

"Hajiya, ki gafarce ni, laifina ne ba nata ba. Zulfa," ya juya gare ta, "don girman Allah ki sake ni daga alkawarin nan. Dubi leɓenki ya yi fari!"

"Wane alkawari kuma? Har ƙulle-ƙulle kuke yi a kaina?"

Zulfa ta ji duhu na rufo ta. Ta gane in ta ƙara yin shiru, ba ita kaɗai za ta cutu ba. Bakinta dai ba zai iya furta wannan magana ga surukarta ba har abada. Sai ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta kamo hannun Hajiya, hannun da ba ta taɓa riƙewa ba, ta shigar da shi ƙarƙashin hijabinta ta ɗora a kan cikin.

Hajiya ta yi yunƙurin fizgewa, sai ta sandare. Tudu ne sosai a ƙarƙashin tafinta. Can, cikin ikon Allah, abu ya harba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya ta zabura. "Wata nawa?"

"Biyar, Hajiya," in ji Mas'ud. "Suga ya kama ta da cikin. Abincin nan likita ce ta ce a nema mata."

"Kuma na cinye! Na cinye abincin jikana, ina zaginta!" Ta miƙe tsaye har kanta na bugun ma'ajiyar kaya. "Ke 'yar nan! Najiba kike ko wa? Taho maza, ɗiyata za ta mutu!"

Najiba ta iso da gudu. Tana jin bayani ta buɗe lemon kwali ta kafa wa Zulfa a baki.

"A'a!" Mas'ud ya tare. "An hana ta zaƙi."

"Yanzu kam shi take buƙata, Malam, yunwa ce ta kayar da ita. Kurɓa kaɗan, sannan abinci mai zafi ya biyo baya."

Ba a jima ba idon Zulfa ya washe, karkarwar ta lafa. Najiba ta dawo da kaza tana tururi da gorar ruwa. Hajiya da kanta ta amshi tiren, ta zare salak da kek ta danƙa wa ɗanta.

"Ungo, kai ka ci tsiyarka, tunda kai ne mai zurfin ciki. Tashi ka ba mu wuri."

Ta ajiye tiren gaban Zulfa. Zulfa ta dubi abincin, ta dubi surukarta, hannunta ya ƙi ɗaguwa. Hajiya ta gane. Ta ja mayafinta ta lulluɓe kanta duka, ta juya ta fuskanci taga.

"Ni barci nake," ta ce daga cikin mayafin. "Ba na ganin kowa. Ki ci, ɗiyata, ki cinye duka. Ki kuma yafe mini. Bakina ne ya sa kika ɓoye, na sani."

Zulfa ta ci tana hawaye, tana jin shessheƙar tsohuwar a gefenta.

Wata huɗu bayan dawowarsu Allah ya sauke ta lafiya a Ƙanƙara, ta sami ɗa namiji aka sa masa Muhammad Awwal. Da 'yan Sabuwa suka zo ɗaukar ta wankan jego, sai da aka yi ta ba Hajiya Baraka haƙuri kafin ta yarda a tafi da ita, kuma mako bai cika ba ta bi su can da ƙullin kayan yaji.

'Yan mata, kunya ado ce kuma tana daga imani, amma ba a yin ta har ta taɓa lafiya, balle ran da Allah ya ba mutum amana. Mai ciki ta kula da abin da za ta ci ko a ƙasa ko a sama, ta kuma nemi hanyar faɗin larurarta cikin ladabi. Mu kuma iyayen maza mu ji tsoron Allah a kan harsunanmu, domin yarinyar da ta yi shiru a gabanmu ba lalle raini ne ya rufe mata baki ba. Wata tsoronmu take ji. Allah ya sa mu gane.