Ƙanƙarar da Rumasa'u Ta Karɓa a Gindin Tsamiya

Ku matso, ku rage murya. Labarin Rumasa'u ne, mai karatun digiri na uku, wadda in ta sa abu a gaba ko uwarta ba ta iya juya ta.

Shekara uku tana binciken wani furotin da ke daidaita wani sinadari mai suna foliyamin a ƙwayoyin jikin masu ciwon daji. Furotin ɗin ba ya ganuwa sai an ɗiga masa wani ruwa, antibodi, wanda ke manne masa ya tona shi. Wata takwas ta jira kafin a kawo mata 'yar kwalba ɗaya, ba ta kai ɗan yatsa ba. In ruwan ya sha zafi ya lalace, karatunta ma ya bi shi.

Ran nan cikin dare wuta ta ɗauke. Janareta ya ƙi tashi. Firiza ta fara zufa. Rumasa'u ta jefa kwalbar a fulas, ta fita neman ƙanƙara tana kuka. Don sauri ta yanke ta bayan ɗakin gwaji, ta gindin tsamiya.

"Rumasa'u."

Kowa ya san ba a amsa kiran dare sai an ji shi sau uku. Ita kuwa hankalinta na kan fulas.

"Na'am!"

Wata tsohuwa ce zaune, da ƙwarya a gabanta. Muryarta kamar daga cikin rijiya. A ƙarƙashin zaninta, kofato biyu.

Rumasa'u ta gani sarai. Tsoro ya kama ta, amma ba ta gudu ba, don ƙwaryar cike take da ƙanƙara.

"Iya, ki taimake ni."

"Ke ce mai duba jinin mutane?"

"Ni ce, Iya."

"Mu ma muna ciwo, 'yar nan. Ba mai duba mu."

"Zan duba! Wallahi zan duba!"

Tsohuwar ta miƙo mata dunƙule ɗaya. Kwana biyu babu wuta, ƙanƙarar ko ɗigo ba ta yi ba. Aka kawo wuta, gwaji ya yi kyau.

A dare na uku aka ƙwanƙwasa tagar ɗakin gwaji. Ta leƙa. Layin masu kofato ne har gindin tsamiya, kowa riƙe da marar lafiyarsa. Ta ja labule, ta toshe kunne. Nan take firiza ta mutu, ga fitilu kuwa suna ci. Ta ciro kwalbar, sai ta fara ɗumi a hannunta.

Sai ta buɗe tagar.

Ta gama digirinta tuni, an ba ta aiki a Legas, ba ta je ba. Har yau bayan isha za ku ga ta nufi ɗakin nan da farar rigarta, ta rame, ba ta gaida kowa.

Don haka kome saurinku, kada wanda ya bi ta gindin tsamiyar nan shi kaɗai.