Kwalba ta Ƙarshe a Gidan Kimiyya

Ku matso kusa, jikokina. A yi bisimilla tukuna. Wannan ba abin dariya ba ne.

Hansai, matar Tanimu mai gyaran famfo, tana da tsohon ciki a lokacin. Cikin fari. Tun da ya fito, uwarta ta ba ta wata 'yar wuƙa, ba ta fi yatsa ba, ta ce ta riƙa soke ta a gefen zani. Kun dai sani, mutanen ɓoye ba sa son ƙarfe, kuma ba abin da suke kwaɗayi kamar ɗan da ke ciki.

Ƙanwar mijinta, Barira, tana karatun ƙere-ƙere a birni. Ta ƙera murhu mai dafa abinci da zafin rana, aka kai shi wani ƙaton gida inda ake jera kayan kimiyya mutane su shiga kallo. Ta nace sai matar yayanta ta je ta gani.

"Da tsakar rana, Barira? Da wannan cikin?"

"Haba Anti! Wane aljani ne zai zauna cikin iyakwandishan?"

Suka tafi.

A bakin shiga akwai wata ƙofa tsaye ita kaɗai, ba bango ba ƙyaure. Hansai na ratsawa, ƙofar ta hau tsuwa. Maigadi ya miƙo hannu.

"Hajiya, akwai ƙarfe a jikinki."

"Wuƙar ciki ce, Baba."

"Ba a shiga da makami."

"Wannan ce makami? Ko albasa ba ta yankawa."

Barira ta raɗa mata, "Don Allah Anti ki ba shi, mutane na kallonmu."

Kunya ta sa ta zare ta ba shi. Ya jefa cikin kwali.

Suka ga injin jirgin sama an farke cikinsa. Suka ga mutum-mutumi yana ɗaga hannu yana gaisuwa, Hansai har ta amsa masa. Suka ga murhun Barira, ta sa mata albarka. Sai malamin Barira ya zo da baƙi, yarinya ta tsaya bayani. Ita kuwa Hansai bayanta ya ƙage. Ta zame ita kaɗai, neman wurin zama.

Wari ne ya fara tarar ta. Ba na mushe ba, ba na asibiti ba. Kamar an gauraya su biyun an yayyafa turare.

Ɗaki ne mai sanyi, ba kowa. Kwalabe jere a kan kanta, cike da ruwa rawaya kamar fitsari. Ga kwaɗo an tsaga shi. Ga maciji a nannaɗe. Ga zuciyar saniya ta yi fari fat. Miyau ya cika mata baki.

Sai ta ga layin ƙarshe.

'Ya'yan mutane ne, jikokina. Waɗanda ba su kai haihuwa ba. Na farko kamar ƙwayar gyaɗa. Na biye kamar ɗan ɓera. Kowane ya fi na gabansa girma, ido a rufe, cibiya tana lilo cikin ruwa. Ba wanka, ba likkafani, ba kabari. An jiƙa su kamar tsamiya.

"Tir," in ji Hansai. "Tir da wannan aiki."

Kwalbar ƙarshe ta fi duka girma. Ruwa har wuya. Murfi a gefe. Ba kowa a ciki.

"Sannu da zuwa, mai ciki."

Muryar ta hanci take fitowa, kamar mutum biyu na magana tare. Wata doguwar mata ce cikin farar riga irin ta likitoci. Hansai ba ta ji shigowarta ba.

"Wata nawa?"

Hansai ta kau da kai. 'Yar mutunci ba ta ƙirga wa baƙo cikinta.

"Ba sai kin faɗa ba. Na auna da ido." Matar ta tsoma yatsa cikin ruwan kwalbar, ta kai baki, ta tsotse. "Layin nan bai cika ba. Masu kallo suna tambaya."

Hansai ta sauke ido don kada ta yi amai. Nan ta ga ƙafafun. Kofato ne irin na jaki, jiƙe sharkaf.

Ta kai hannu gefen zani. Wayam.

Matar ta washe baki. "Tana cikin kwali."

Ta ɗora jiƙaƙƙen hannunta a kan cikin Hansai. Sanyi ya ratsa har ƙashin baya. Ɗan da ke ta shure-shure tun safe ya yi tsit. Hansai ta so ta ja addu'a, harshe ya yi nauyi kamar dutse. Cikin kwalaben nan kuwa, ɗaya bayan ɗaya, yaran suka juyo da fuska.

Ta ja da baya. Matar ta biyo, hannun bai ɗaga ba. Ta ƙara ja, har ta faɗa ɗaki na gaba, ƙugunta ya bugi wata jar igiya. Bayan igiyar kayan maƙeran zamanin da ne, an jera don kallo. An rubuta kada a taɓa. Hansai ba ta iya boko ba, ko da ta iya ma ba ruwanta. Ta fizgo awartaki ta danna a kan hannun nan.

Cuuu! Kamar an watsa ruwa a garwashi. Ƙaurin gashi ya tashi. Jiniya ta ɓarke ko'ina a gidan. Harshenta ya saku, ta ƙwalla a'uzu billahi.

Da ma'aikata suka rugo, ita kaɗai suka tarar, rungume da awartaki.

"Sata a gidan nan? Da ciki?"

Barira ta fashe da kuka. "Anti, kin tozarta ni a gaban malamina!"

"Ku kira ni duk abin da kuka ga dama," in ji Hansai. "Ku dai fitar da ni."

Ba wanda ya iya ɓanɓare ƙarfen daga hannunta sai a bakin ƙofa. Rana na dukan ta, ɗan ya yi shuri. Ta durƙusa a wurin tana hawaye.

Maigadin nan ya dubi sawun hannu a rigarta, ya toshe hanci. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Je ki gida, Hajiya. Ba ke kaɗai ce ta taɓa fitowa da wannan shaida ba."

"Ka sani, kuma kake karɓe wa mata ƙarfe?"

"Doka ce."

Ta tofar da miyau gaban takalminsa.

Ta haihu lafiya, namiji. Ni na yi masa wankan farko. A gadon bayansa akwai sawun dogayen yatsu, fatar wurin fara, a yamutse kamar ta wanda ya daɗe cikin ruwa. Mun goga sabulun salo har muka gaji, warin nan bai bar shi ba sai bayan suna.

Ku je ku kalli injuna, ban hana ba, ilimi ne. Amma kada wanda ya saki hannun ɗan'uwansa a irin gidajen nan. Ke Sahura, amaryar bara, da ke nake. Na ga yadda kike tofar da miyau kwanan nan. Daga yau ko bayan gida za ki, tashi wani ya raka ki.