Kawuna Huɗu a Allon Mai Aski

Wai a wani gari can, an yi wani mai aski da bai iya komai ba sai ƙwal-kwabo. Shago ya kusa rufewa don rashin ciniki, sai ya ruga wurin mai zane.

"Malam, zana min kawuna huɗu, askin gayu."

"Ka iya?"

"Kai dai zana!"

Mutumin nan fa ya zana kawuna huɗu a allo, duk ƙwal, ya sa musu lamba. Mai aski kamar ya yi kuka, haka ya rataya allon.

Wani ango ya zo, ya daɗe yana zaɓe, ya ce, "Lamba uku." Aka gama, ya dubi madubi, ya dubi allo.

"Wallahi sak! Duk garin nan kai kaɗai ne ba ka ƙarya."

Washegari ya kwaso abokansa, kowa da lambar da yake so.