Basir Ne, In Ji Inna

Auta na wanke kwanuka tukunyar Inna ta sake tafasa, warin saiwoyi ya cika gidan. Inna surukarta ce, uwar mijinta Tela, kuma tun da ɗan nata ya fara ganin jini in ya zaga bayi ta yanke hukunci: basir ne. A wajen Inna duk ciwon da ya sauka ƙasa da cibiya basir ne, ko da kuwa kunama ce ta harbi mutum.

"Inna, don Allah ki saurare ni," Auta ta faɗa. "Likita ya duba cikinsa da na'ura. Ya ce ciwon daji ne a babban hanji. In ba a yi tiyata da wuri ba—"

"Rufe min baki! Daji a jikin yaron da bai kai talatin ba? Ai wannan ciwon tsofaffi ne. Zaman keken ɗinki ne ya tara masa basir, haka babansa ya yi ta fama har Allah ya karɓi abinsa."

Auta ta tuna likita ya tambaye su ko wani a dangi ya taɓa irin wannan ciwo.

"Wallahi Inna yanzu matasa na ta zuwa wajen likitoci da shi. Ba su gama gano dalili ba, amma suna zargin yawan zama, da lemon kwalba, da abincin leda, har da gado."

"Ke dai so kike a farke min ɗa, a rataya masa jaka kamar ɗan makaranta!"

Auta ta shige ɗaki da kuka. Tela na kwance, ya rame sai idanu. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

"Yaya, ka amince mana. Likita ya ce jakar ta ɗan lokaci ce."

"Jakar bahaya a cikina, Auta? Ki riƙa jin wari kina kau da kai? Gara in mutu da mutuncina."

"Ni kuma ka bar ni da wa?"

Ya juya wa bango fuska. Ta ji kamar ta yi ihu unguwa ta taru, ko a samu mai jin maganarta.

Washegari ta buɗe shagonsa da ke ƙofar gida. Wata nas ta ba ta jakar guda ɗaya don ya gani, shi kuwa ya ƙi ko kallonta. Auta ba ta taɓa hawa keke ba, amma ta zaro yadi mafi laushi, ta yanka, ta hau takawa. Zare ya tsinke, allura ta soke ta, keken na ta ƙara kamar ana yanka shi.

"Wa ke kashe min keke?"

Tela ne, ya fito yana dafa bango.

"Ɗamara nake ɗinka maka, mai aljihu," ta ce hawaye na zuba. "Jakar za ta zauna a ciki, ka ɗora riga. Ba mai sani sai ni, kuma ni zan riƙa wankewa."

Ya karɓa ya jujjuya. Tela dai tela ne ko yana bakin kabari.

"Haba Auta! Wannan ɗinki kamar hanyar tururuwa? Ko awo ba ki yi ba! Tashi ki ba ni waje."

Ya farke ɗinkin da reza, ya ɗaga riga ya zagaya ƙugunsa da tef. Tef ɗin ya nuna masa abin da madubi ya kasa. Inna da ta biyo hayaniyar ta tsaya a ƙofa, ta ga haƙarƙarin ɗanta a waje.

"Innalillahi... haka babansa ya zube," ta faɗa a hankali. "Ina kallo, ina ta dafa masa saiwa."

Ta sulale ƙasa ta rushe da kuka. Tela ya taka keken, ya ɗinke ɗamarar tsaf, ya miƙa wa matarsa.

"Kira likita, Auta."

An yi tiyata, aka shiga allurai masu galabaitarwa. Auta ta sha wanki da jinya, ba ta taɓa yamutsa fuska ba, Inna kuwa ta koma ce mata 'yata. Da ciwon ya lafa aka haɗe hanjin, aka cire jakar, Tela ya koma shagonsa da ƙafarsa.

Haƙurin Auta ya biya ta, mijinta ya rayu. Ku kuwa matasa, in kun ga jini kada ku laƙa masa suna a gida, ku kai wa likita. Kunyar faɗi ta ɗan lokaci ce, wanda aka binne kuwa ba ya dawowa.