Alƙalamin Gwaggo a Dutsen Arfa

Ranar da Hisham ya fara ganin Asiya, tana tsaye ne a ƙofar gida a unguwar Rusaifa ta Makka, tana lallashin gwaggonta ta sauya takalmi. Gwaggo Ɗaso, yayar mahaifinta, ta zo Umara daga Kano, ta kuma rantse ba za ta koma ba sai ta taka duk wurin da ta taɓa ji a bakin malamai. Awwalu, yayan Asiya, wanda take zaune a wurinsa tana karatun hadisi, jarrabawa ta riƙe shi. Sai ya roƙi maƙwabcinsa Hisham ya riƙa kai su ziyara a motarsa.

Hisham haifaffen Makka ne. Kakanninsa da ƙafa suka zo ta Chadi da Sudan, suka sauke farali, suka zauna. Hausarsa ta kakarsa ce, tsohuwa, duk an yi mata faci da Larabci. Da ya buɗe ƙofar mota ya ce, "Tafaddali ya Gwaggo, sayyara tana jiranki," Asiya ta yi dariya a bayan niƙabi. Idanun kawai ya gani, sun kuma ishe shi.

A Dutsen Nur, Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi tsayinsa, ta ce gwiwoyinta sun gaishe shi daga nan ƙasa, ya wadatar. A Muzdalifa ba ta ga abin kallo ba, don ba lokacin Hajji ba ne, fili ne kawai da tsakuwa da turakun fitila. Asiya ta yi mata bayani daga littafi. Hisham kuwa ya nuna mata inda mahaifiyarsa take kafa tukunyar shayi idan alhazai sun sauko. Gwaggo ta fi sauraren nasa.

Da sunan tsara lokacin fita ya karɓi lambar Asiya.

"Malamata, bukra in gari ya waye ina za mu kai Gwaggo? Ni ko ina ne, in dai kina kujerar baya."

"Direban Gwaggo, ka riƙa kallon titi. Madubin nan ya gaji."

"Ya galbi, zuciyata, madubin bai kawo ƙara ba."

Kafin Gwaggo ta cika wata, Hisham ya sami Awwalu da maganar aure, Awwalu ya kai wa Abba, mahaifinsu, ta waya. Abba ya ce ba zai ba ɗan takari 'yarsa ba, mutanen da ba a san tushensu ba, masu ci da alhazai. Ga Nasir, ɗan amininsa, yana nema. Ba zai tilasta mata Nasir ba, amma kada ta jira albarkarsa a kan wancan. Abba bai taɓa zama tabarma ɗaya da ɗan takari ba. Maganar gadonta ya yi, kuma mutane ba su cika juya abin gado su duba ƙasansa ba.

Asiya ba za ta yi aure babu albarkar uba ba, Hisham ma ya sani. Gwaggo kuwa tana bayan ƙaninta.

Ziyarar ƙarshe Arfa ce. Gwaggo ta ga darbejiya jere a filin, ta ce ashe har nan 'yan garinsu suka riga ta zuwa. A gindin Dutsen Rahama ta zaro alƙalami mai kauri, irin wanda alhazai suke rubuta suna a jikin jaka. Ta ce an gaya mata nan Annabi Adamu da Hauwa'u suka haɗu, duk sunaye biyun da aka rubuta a kan dutsen sai sun zama mata da miji. Asiya ta ce wannan ba shi da tushe a addini, ɓata dutse ne kawai. Gwaggo ta ce ta riƙe littafinta, ba ita za a aika ba.

Ta miƙa wa Hisham. Ta ce ya hau ya rubuta Asiya da Nasir.

Ya daɗe yana kallon alƙalamin. Sannan ya karɓa, ya kama matakala. Asiya ta juya ta koma mota, ta rufe ƙofa. Har suka iso Rusaifa ba ta kalli madubi ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo. "Malamata, kin yi fushi? Ke kika ce dutse ba ya ɗaura aure."

"Ba ya ɗaurawa. Amma hannunka ne ya sa sunana kusa da na wani."

"Ki tambayi Gwaggo."

Ba ta tambaya ba. Ta sha kukanta, tana jin haushin kanta: ita da ta san hujja, ga ta tana zubar da hawaye a kan tawada.

Da safe tana haɗa shayi ta ji Gwaggo ta kira Abba a Kano, da muryar nan ta tsofaffi da suke ganin sai an ɗaga waya take kaiwa.

"Auta, saurara. Na aiki yaron nan inda idona ba ya kaiwa. Da a ce ya sauko ya ce ya rubuta, wa zai ƙaryata shi? Da nasa sunan ya sa, wa zai sani? Ya dawo mini da alƙalamin ko murfin bai cire ba. Ya ce, Gwaggo, na kasa, don ni nake son ta, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Kai tushe kake nema. To ni na gan shi jiya."

Ko gwaji Gwaggo ta yi, ko da gaske ta so a rubuta Nasir, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Asiya ta ajiye buta, ta ɗauki waya, ta rubuta: "Direban Gwaggo, ka yafe mini."

"Khalas, ya wuce, ya galbi. Ki dawo madubi kawai."

Abba bai sauko a ranar ba. Sai da ya zo Umarar azumi, ya sha ruwa a gidan su Hisham, ya zauna da mahaifinsa. A cikin hira ya gano kakanninsu daga wani ƙauye kusa da Gaya suka taso. Ya yi ta murna, yana cewa ai shi ya sa yaron yake da hali. Gwaggo tana Kano ta ji ta waya, ta bar shi a haka.

Bayan sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Aka ci shinkafar mandi da tuwo miyar kuka a faranti ɗaya. Abba ya dafa kan Asiya ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zuri'a mai gaskiya.

Gudummawar Gwaggo ta zo a jakar Abba, a naɗe cikin ɗankwali. Da mutane suka watse, Asiya ta kwance, sai ga alƙalamin. Ta cire murfin, ta kamo hannun mijinta, ta rubuta sunanta a tafinsa.

Hisham ya duba, ya ce, "Malamata, wannan yana da tushe?"

Ta miƙa masa alƙalamin, ta buɗe nata tafin. "Rubuta naka, sai in duba maka."